Allin Hedimasta a Kan Taya

Akwai wani tsohon malamin makaranta da kowa a unguwa ke kira Hedimasta, duk da ya shekara tara da ajiye aiki. Mutum ne da bai yarda da komai ba sai abin da ya gani a rubuce. Har yau ba ya fita sai da guntun alli a aljihun gaba, wai ko zai ci karo da kuskuren da ke buƙatar gyara.

Yana da wata tsohuwar mota da ya gada daga mahaifinsa, koriya, mai dogon hanci, wadda ta girmi duk 'ya'yansa. Yana ji da ita kamar ƙwai.

Matarsa, wadda kowa ke kira Goggo har shi kansa, idonta na hagu ya daɗe da mutuwa. Na daman kuma yanar ido ta rufe shi, sai dai ta bambance rana da inuwa. An gaya musu idan aka ƙara jinkiri shi ma zai bi ɗan'uwansa. Sai ga labari cewa wani likitan ido ya zo aiki na mako guda a wani asibiti mai tafiyar awa uku. Goggo ta samu gurbi a ranar ƙarshe, kuma ƙarfe uku za a rufe karɓar mutane. Likitan ba zai dawo ba sai baɗi.

Tayoyin motar duk sun tsage don tsufa, irinsu kuma an daina sayarwa. Dole Hedimasta ya sayi sababbi huɗu, masu ɗan faɗi, irin na zamani masu waya a ciki. Ana gobe tafiya ya kai su rumfar wani dattijo mai faci a bakin titi.

Yana jira a ɗaura, idonsa ya faɗa kan allon rumfar. An rubuta: ANA FACI DA BA DA HISKA, ga lambar waya a ƙasa. Hedimasta ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya zaro waya ya ɗauki hoton allon ya tura wa abokansa tsofaffin malamai, ya rubuta, "Ku zo ku ga iska mai hula."

Mai faci ya gama ɗaurawa ya fara ba da iska. Hedimasta ya leƙa gejin auna iska, sai ya daka tsawa.

"Kai! Talatin da biyu? Wa ya aike ka?"

Ya buɗe ƙofar direba ya nuna wani ɗan faranti na ƙarfe a jikinta. "Ashirin da biyu a gaba, ashirin da huɗu a baya. Masu motar ne suka rubuta."

"Ranka ya daɗe, gaskiya suka rubuta," in ji mai faci. "Amma don waccan tayar suka rubuta, mai taurin gefe. Wannan gefenta laushi gare shi. In ka rage mata iska za ta riƙa lanƙwashewa tana ɗaukar zafi. Ara mini allin nan na aljihunka, tayar da kanta za ta gaya mana abin da take so."

Hedimasta ya dafe aljihu. "Alli na masu rubutu ne. Wanda bai iya rubuta iska ba shi zai koya mini ita? Sauke mini ita yadda aka rubuta."

Dattijon ya dube shi. Ya durƙusa ya sassauta iskar har ta koma yadda ake so. Ya dai ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Washegari ƙarfe tara suka kama hanya. But ɗin motar cike da kayan jinyar mako guda, kujerar baya ma ba masaka tsinke. Rana ta buɗe, kwalta ta ɗau zafi.

Ba su yi nisa ba Goggo ta ce, "Malam, motar nan yau lilo take yi da ni."

"Sababbin tayoyi ne, sai sun saba."

Can kuma ta ce, "Malam, warin roba nake ji."

"Goggo, ki bar ni in yi tuƙi."

Ƙarfe goma daidai, a wani fili da babu gida babu rumfa, tayar baya ta fashe da ƙara kamar an harba bindiga. Motar ta yi dama ta yi hagu. Goggo ta ƙanƙame kujera tana salati. Da ƙyar ya samu ta tsaya a gefen hanya.

Ya fito ya duba. Tayar ta yi kaca-kaca, wayoyi sun fito waje. Ya taɓa sauran ukun, sai da ya janye hannu don zafi. Ya sauke kaya ya ciro safayar taya, tsohuwar nan ta zamanin mahaifinsa. Yana danna ta da yatsa ta lotsa, ba iska ko ta busa kyandir.



Ya tsaya tsakar rana yana ɗaga hannu. Babbar mota ta wuce. Wata ƙarama ta rage gudu, a cike take maƙil, direban ya ɗaga hannu ya yi gaba. Mutumin da ɗalibai ɗari shida ke tsit in ya yi gyaran murya, yau ga shi yana bin motoci da gudu yana "Don Allah! Don Allah!" har takalminsa ya cire.

Sha ɗaya ta yi. Ya dawo ya zauna a bakin ƙofar Goggo, rigarsa sharkaf da gumi.

"Ƙarfe nawa?" ta tambaya.

Ya gaya mata. Ta ce a hankali, "Ba komai, Malam. Fuskar jikata kawai na so in gani. Tun da aka haife ta hannu nake sa mata."

Wallahi da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Hawaye suka zubo masa, ya gode Allah ba ta iya gani.

"Babu wanda za ka kira?" ta ce. "Shi wanda ya ɗaura tayar fa?"

"Ba ni da lambarsa."

Yana rufe baki ya tuna. Ya buɗe wayar. Ga hoton nan, ga dariyar abokansa jere a ƙasa, ga HISKA da manyan baƙaƙe, ga kuma lambar waya raɗau.

Ya daɗe yana kallon lambar kafin ya danna.

"Ni ne mai koriyar motar jiya," ya ce.

"Ta baya ce ta fashe ko?" in ji mai faci. "Kuna ina? Kowa lafiya?"

Hedimasta ya kwatanta wurin, ya gaya masa zancen likita da ƙarfe uku.

"Kada ka taɓa sauran, bar su su huce. Ga ni nan."

Sha biyu da kwata sai ga babur ya ɓullo, dattijon ya ɗauro taya da tiyub a baya, famfon ƙafa a rataye a kafaɗa. Rumfarsa ya rufe ya taho. Bai tsaya dogon gaisuwa ba, ya kafa jak, ya cire, ya ɗaura, ya hau famfo.

"Mu tafi haka!" in ji Hedimasta yana duban agogo. "Lokaci!"

"In kuka tafi haka, wata za ta fashe kafin ku kai, ni kuma taya ɗaya na kawo. Ka ba ni minti goma." Ya miƙa hannu. "Allin nan yana nan?"

Hedimasta ya zaro shi ya miƙa da hannu biyu.

Mai faci ya kai kowace taya talatin, ya ja layin alli a kan kowacce daga gefe zuwa gefe. Ya ce a tuƙa gaba kaɗan a miƙe. Suka durƙusa tare suna dubawa.

"Ka gani? Ta gaba layin ya goge bai ɗaya, ta ƙoshi. Ta baya kuwa gefe da gefe ya goge, tsakiya na nan fari. Yunwa take ji, ga kaya a kanta. Da tsakiya kaɗai ya goge, iska ta yi yawa ke nan."

Hedimasta da kansa ya hau famfon, yana takawa yana haki. Aka ƙara, aka sake ja, aka sake turawa. A talatin da huɗu layin tayoyin baya ya goge tas.

"Yanzu ku tafi. Kada ka yi gudun hauka, za ku kai."

Motar ta zauna a kan titi daram, lilon nan duk ya tafi. Goggo na ta addu'a, shi kuma ido ɗaya a hanya ɗaya a agogo. Uku saura minti takwas ya riƙo hannunta suka shiga asibitin. Ma'aikaciyar da ke karɓar mutane har ta fara tattara takardu. Goggo ce ta ƙarshe da aka karɓa.

Bayan kwana goma koriyar mota ta tsaya a gaban rumfar faci. Goggo ta fito da baƙin tabarau, ba wanda ya riƙe ta. Ta tsaya ta ƙare wa dattijon kallo.

"Ashe kai ne. Bayan jikata, kai na ce sai na gani. Allah ya yi maka albarka."

Hedimasta ya cire hula. "Malam, na zo neman gafara." Bai taɓa kiran wanda bai yi aji ba da wannan suna ba. Ya nuna masa hoton, ya gaya masa gaskiyar abin da ya sa ya ɗauka, bai rage komai ba. Sannan ya ce, "Na zo da fenti. Ka bar ni in gyara maka allon nan da hannuna."

Mai faci ya ɗaga kai ya dubi allon, ya yi murmushi.

"A'a, ranka ya daɗe, bar mini shi haka. Da an rubuta daidai, da ba ka ɗauki lambata ba."

Darasi: Rubutun jikin ƙofa bai yi ƙarya ba, tayar ce ta canja, Hedimasta kuma ya ƙi sauraron wanda ya san haka don kawai bai iya haɗa baƙi ba. Idan ka canja girman taya ko irinta, ka tambayi masu aikin, ka auna iska tayar na sanyi. Kuma kada ka raina ilimin da ke hannun mutum saboda ba a takarda yake ba, wata rana lambarsa za ka nema kana kuka a bakin hanya. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wannan ɗan'uwan naku da ba a gaya masa magana.