Murhun da Ya Hana Oddvar Ganin Sarkin Ƙanƙara

Akwai wani dattijo a nan garin Harstad mai suna Oddvar Hestnes, direban bas ne da ya yi ritaya. Mutum ne mai surutu da saurin murna, abu kaɗan sai ka ga yana tafa hannu. Duk wanda ya zauna da shi, ko da a layin asibiti ne, sai ya ji labarin farin beyar, dabbar nan da ake yi wa kirari da Sarkin Ƙanƙara.

Kakansa maharbi ne, ya sha cin hunturu a tsibiran Svalbard masu ƙanƙara, can ƙarshen arewacin duniya, cikin bukkokin katako, kuma yatsu biyu kawai suka rage masa a hannun hagu. Shi ya cika wa Oddvar kunne da labarin Sarkin tun yana ƙarami. Oddvar ya gan shi a hoto, ya gan shi a talabijin, amma mai rai, ido da ido, bai taɓa ba.

Da shi da matarsa Gunvor suka cika shekara arba'in da aure, sai 'ya'yansu suka haɗa kai suka yankar musu tikitin wani jirgin ruwa na alfarma mai zagaya Svalbard. Zo ku ga murna wurin Oddvar. Tun saura wata guda ya haɗa jakarsa, kullum sai ya zazzage ta ya sake haɗawa. Maƙwabta har gudunsa suke yi, don sun san in ya tare mutum sai ya ji jerin tsibiran nan kaf.

Jirgin kuwa ya amsa sunansa. Tagar ɗakinsu daga sama har ƙasa gilashi ce, daɓen banɗaki ma ɗumi yake yi. Ga naman barewa, ga kifi kala-kala, ga gahawa da ba ta yankewa. An raba wa kowa jar rigar sanyi da takalmin roba, kuma safe da yamma ana sauke ƙananan kwale-kwale na roba a kai baƙi gaɓa. A can rana ba ta faɗuwa a lokacin bazara, Oddvar ma bai ga dalilin kwanciya ba.

To, amma abin da ya kawo shi sai ya riƙa yi masa wasan ɓuya.

Ranar da aka fara ganin Sarkin, Oddvar yana ɗakin sauna, wato ɗakin gasa jiki da zafi, yana zuba gumi. Da jin sanarwa a lasifika ya fito da gudu, daga shi sai tawul da takalmin roba. Kafin ya kai saman jirgi dabbar ta zagaya bayan wani dutsen ƙanƙara. Abin da mutane suka samu suka ɗauka a hoto a lokacin shi ne Oddvar da tawul ɗinsa.

Karo na biyu kuma barci ne ya sace shi a kujera bayan cin abincin rana. Gunvor, wadda saƙa ce ta fi damunta a tafiyar, ta ga Sarkin duka sau biyun daga taga ba tare da ta ajiye zarenta ba.

Akwai wani fasinja ɗan ƙasar Denmark mai suna Preben, mai wata kyamara da tsawonta ya kai damtse. Ba mugu ba ne, tsokana ce ta yi masa yawa. Kullum a teburin abinci sai ya miƙo kyamarar ya ce, “Oddvar, zo ka ga Sarkinka. Kalli da kyau, na ga alama a nan kaɗai za ku gaisa.”

Oddvar yakan yi dariya, amma abin yana cin sa a rai.

A haka har ranar sauka ta ƙarshe ta zo. Aka kai su wani lungun teku inda wata tsohuwar bukkar maharba take tsaye ita kaɗai. Jagorori suka riga kowa sauka da bindigoginsu saboda tsoron beyar, kamar yadda aka saba, suka tsaitsaya a kan tudu. Mai kula da rukunin su Oddvar wata matashiya ce, Sunniva, ƙwararriya ce amma ba ta da wasa a kan lokaci.

Baƙi suka riƙa shiga bukkar suna ɗaukar hoton gadon katako da tsohuwar buta. Shi Oddvar da shigarsa sai ya durƙusa ya buɗe ƙofar murhun ƙarfen, yadda kakansa yake yi a duk bukkar da ya shiga. Toka ce mai sanyi kawai a ciki. Akwatin itace wayam. Kwalin ashanar da ke kan kanta ya sha laima har ya kumbura.

Ga waɗanda ba su sani ba, ƙa'idar bukkokin nan guda ce tun zamanin maharba: ba a kulle ƙofa, kuma ba a tafiya a bar murhu babu itace a jere. Wanda zai zo bayanka ba ka san halin da zai zo a ciki ba. Wasu ne suka kwana a nan suka ji ɗumi, suka kama gabansu.

Yana nan durƙushe sai oba-obar Sunniva ta yi ƙara. An hango uwar beyar da 'ya'yanta biyu a kan wata faffaɗar ƙanƙara can bakin teku, nesa da inda suke. Iska tana tura ƙanƙarar waje, don haka duk mai son gani ya shiga kwale-kwale yanzu, daga nan za a wuce jirgi kai tsaye.

Nan take wuri ya kaure. Tsofaffin da ɗazu suke dogara sanda sai ga su suna tsallake duwatsu. Oddvar ma yana cikinsu, yana ihu yana kiran Gunvor, hularsa ta faɗi bai ko waiwaya ba. Uwa da 'ya'ya biyu! Ko kakansa bai cika ba da irin wannan labari ba.

Ya kai bakin ruwa, ƙafarsa ɗaya har ta hau kwale-kwale, sai ya tsaya. Hannun kakansa ne ya faɗo masa a rai. Tsohon ya taɓa gaya masa cewa sauran yatsun nan uku a wata bukka ya baro su, ranar da ya iso jiƙe sharkaf ya tarar da murhu babu komai.

Ya sauke ƙafarsa.

“Oddvar, shiga mana, kana tare hanya,” in ji Sunniva.

Ya ce mata ba zai iya tafiya ya bar murhun nan haka ba. Ta dube shi kamar wanda ya zautu. Ta ce wannan ba aikin baƙo ba ne, in sun koma jirgi za ta sanar da masu kula da bukkokin.

“Wanda ruwa ya jiƙa ba ya jiran sanarwa, Sunniva,” in ji shi. “Ku je kawai. Ba zan daɗe ba.”

“In je in bar ka a nan babu bindiga? Kana son a kore ni daga aiki ne?”

Preben ya leƙo daga cikin kwale-kwale yana dariya. “Mutumin nan fa! Ka haye teku don ka ga beyar, ko don ka yi faskare?”

Gunvor ta dubi mijinta. Shekara arba'in ta ishe ta sanin fuskar nan. Ta sauko daga kwale-kwalen, ta ce ita ta riga ta ga dabbar sau biyu kuma ba ta ba ta komai ba, ta nufi bukka.

Dole Sunniva ta kira shugaban tafiyar. Aka ce to, ta tsaya da su, in an gama kallo za a turo musu kwale-kwale. Injuna suka yi ruri suka tafi, ihun murnar mutane yana ta yin nisa.

Sunniva ta cika ta yi fam. Ita ma tana son ganin 'ya'yan beyar ɗin, don ba kullum ake dacewa da su ba. Ta hau tudu da bindigarta, ta juya musu baya.

Oddvar ya ɗauko gatarin da ke rataye a bukkar. Ya bi gumaguman da teku ke turowa gaɓa, ya zaɓo busassu daga can sama inda ruwa ba ya kaiwa. Yana faskarawa Gunvor tana jidowa, har akwatin ya cika. Ya kwashe tokar, ya fere ƙirare sirara da wuƙarsa, ya jera su a murhu, manya a sama. Kowane sara ya yi sai ya ɗaga kai ya dubi inda kwale-kwalen suka ɓace. Zuciyarsa tana can, hannunsa yana nan.

Saura ashana, kuma shi ba ya shan taba. Ya fito ya roƙi Sunniva. Ta zaro kwali daga jakar gaggawarta ta jefo masa ba tare da ta dube shi ba. Da ta ga shirun ya yi yawa sai ta sauko ta leƙa, ta tarar ya zaro tsinkayen ashana rabi-rabi, sun leƙo waje daga kwalin, ya ajiye a kan murhu.

“Wannan kuma ado ne?” ta tambaya.

“Hannun da ya daskare ba ya buɗe kwali,” in ji Oddvar. “Amma haƙori yana iya cafkar tsinke.”

Ta yi tsaki ta fita.

Kafin a zo ɗaukarsu hazo ya sauko, ƙanƙarar ta yi gaba da uwa da 'ya'yanta. A wurin cin abincin dare kowa baki har kunne, ana ta miƙa waya daga tebur zuwa tebur. Preben ya miƙe da kofi a hannu, ya naɗa Oddvar sarautar Sarkin Murhu, aka yi ta tafi. Oddvar ya rusuna ya karɓi sarauta yana dariya. Da suka koma ɗaki sai ya zauna a bakin gado. Ya yi baƙin ciki ƙwarai, don ya san irin wannan tafiya ba a yi wa mutum sau biyu.

Haka ya dawo Harstad. Maƙwabtan da suke gudunsa a da, yanzu su ne suke tare shi da tambaya, shi kuma yana cewa abincin jirgin da daɗi.

Lokacin kaka ya shigo, dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan duwatsu. Wata ranar Lahadi suna shan gahawa aka buga ƙararrawar gida. Gunvor ta buɗe, sai ga Sunniva, hannayenta biyu naɗe da bandeji.

Ta zauna ta ba su labari. A tafiyar ƙarshe ta shekarar, ita da abokin aikinta Eskil aka tura su duba gaɓa kafin a sauke baƙi, a wannan lungun dai. Wata igiyar ruwa ta kifar da kwale-kwalensu dab da gaɓa. Kafin su fito hazo ya rufe ko'ina, jirgi ba shi da halin turo taimako. Da rarrafe suka kai bukkar. Eskil ya daina magana, ita kuma yatsunta sun sandare kamar itace, ko zip ɗin rigarta ta kasa kamawa.

Ta ce da ta ga tsinkayen nan sun leƙo daga kwali, sai ta ji muryarsa a kunnenta. Ta sa haƙori ta zaro ɗaya, ta danne kwalin da tafin hannu, ta ƙyasta. Ƙiraren suka kama nan take.

Ta warware bandejin a hankali, ta ɗaga hannayenta a gaban fuskarsa. Fatar ta saɓule, farce biyu sun fita.

“Ƙirga su, Oddvar.”

Ya ƙirga. Goma cif. Hawaye ya zubo masa, bai ko share ba. Can ya ja hanci ya ce, “To, da za ku tafi, kun sake jera murhun?”

Sunniva ta fashe da dariya tana kuka. Ta ce masu ceto sun yi ta yi mata faɗa, amma ba ta bar bukkar ba sai da aka cika akwatin, kuma ita da kanta ta zaro tsinkayen da haƙori.

Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Masu jirgin sun ji labarin, sun ce in bazara ta zagayo shi da Gunvor baƙinsu ne.

A wannan karon Oddvar ko hanyar sauna bai bi ba, kuma ya hana kansa zama a kujera mai laushi. Wata safiya jirgi yana tsaye a bakin ƙanƙara, Sunniva ta zo ta kamo hannun rigarsa tun kafin a yi sanarwa, ta ja shi gaban jirgi.

Ga Sarkin nan tafe, ƙato, yana taku a hankali kamar ƙasar tasa ce, kuma tasa ce. Ya zo har gindin jirgin, ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya ɗaga hanci yana shinshina iska. Ya dubi Oddvar, Oddvar ya dube shi.

Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, ranar ko kalma ɗaya ta gagare shi. Wayarsa tana aljihu, bai tuna da ita ba sai da Sarkin ya juya ya tafi. Gunvor ta ce ba komai, in ya koma gida bakinsa ya fi kowace kyamara.

Darasi: Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Duk inda ka ji ɗumi, ka gyara wa na bayanka kafin ka tashi, ko da ba ka san shi ba, ko da zai sa ka rasa abin da ranka yake so a ranar. Rabonka ba zai wuce ka ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokan arziki, wataƙila wani ya tuna da murhun da ya baro babu itace.