Dodo da 'Ya'yan Iyabeji

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mu sha dariya.

Wata Bayarabiya ce mai sayar da goro. Ta zo rafi da tsohon ciki, rafi ya kawo. Sai ga Dodo.

Ya ce, "In ƙetare da ke, ki ba ni babban ɗanki."

Ruwa na ta hauhawa, ta ce to, ya ƙetare da ita.

Ta je gida ta haifi tagwaye mata, Taiwo da Kehinde, aka koma kiranta Iyabeji, wato uwar tagwaye. Can daga baya ta yi auta, Babatunde. Shi kuwa Dodo yana da doka: in ya ci wanda ba a ba shi ba, cikinsa zai fashe.

Yara suka tasa, Dodo ya zo karɓar alkawari. Iyabeji ta ɗora hannu a ka tana kuka. Yara suka ce, "Iya, bar mu da shi."

Dodo ya ce, "Wa ta fara fitowa?"

Taiwo ta ce, "Ni ce."

Ya wangame baki. Ta ce, "Tsaya, Baba Dodo. Sunana Taiwo, wato mai ɗanɗana duniya. Kehinde ce ta aiko ni in ɗanɗano mata. Ka taɓa ganin ƙarami ya aiki babba?"

Dodo ya shafa ciki, ya koma rafi.

Washegari ya dawo ya cafke Kehinde. Ta ce, "Tsaya, Baba Dodo. Sunana Kehinde, wato mai zuwa daga baya. Ka taɓa ganin babba ya zo bayan ƙarami?"

Dodo ya shafa ciki, ya koma rafi.

Rana ta uku ya zo yana huci. Ga Babatunde a ƙofa, ko wando babu, yana lasar alale. Yaron ya ce, "Kai, wa ya koya maka shiga gidan mutane ba sallama? Sunana Babatunde, wato Baba ya dawo. Ni ne kakan gidan nan, na tafi na komo."

Dodo ya yi tsalle don murna. "Ashe kai ne babba!"

Ya sure shi. Iyabeji ta ƙwala ihu.

Yaro ya ce, "Babba kam ni ne. Amma ɗanta ka roƙa. Ni kuwa surukinta ne, uban mijinta. Haɗiye ni mu ji ƙarar cikinka."

Dodo ya ajiye shi a hankali, har da kakkaɓe masa ƙura. Ya ce, "Ta fari 'yar aike, ta baya ƙanwa, auta kaka! Ku riƙe gidanku."

Iyabeji ta jefa masa goro ɗaya kuɗin fito, ta rungume 'ya'yanta uku, aka yi ta rawa har gari ya taru.

Ku ma ku tambayi iyayenku ma'anar sunayenku. Ba a banza aka yanka muku rago ba.

Ƙurunƙus kan kusu, tatsuniya ta bi Dodo rafi.