Ƙanƙarar Allurar Ƙyanda

Abdulwahabu ɗalibi ne a wata makarantar koyon jinya a Sakkwato, ɗan unguwar Runjin Sambo. Kai yana da shi, ban hana shi ba, amma ban taɓa ganin mai son jikinsa kamarsa ba. Zamanin kuɗin mai ne, soja na mulki, shi kuwa ko ruwan randa ba ya sha sai na firiji.

Shekarar da fari ya cinye ƙasar Nijar, aka nemi ɗaliban da za su tsallaka iyaka su yi wa yara rigakafin ƙyanda kyauta. Abdulwahabu ya ba da sunansa, don dai a ce ya yi aiki a ƙasar waje. Aka haɗa shi da Rahila, 'yar ajinsu, aka ba su akwati cike da ƙanƙara, kwalaben magani a ciki. Malaminsu ya ja musu kunne cewa in maganin ya sha zafi ya zama ruwan banza.

Sun wuce Illela kaɗan mota ta lalace da tsakar rana. Rahila ta bi direba neman makanike. Da ta dawo, sai ta tarar da kwalaben magani zube kan kujera cikin rana, lemon kwalba shida kwance cikin ƙanƙara.

"Abdulwahabu, me ka yi haka?" in ji Rahila.

"Ke, awa ukku ce kawai. Magani jariri na?"

"Mu koma mu gaya wa Malam."

"In koma in ce mi? Ki buɗe baki ki gani, cewa zan yi ke kika bar akwatin buɗe. Wa za a yarda da shi, ni ko ke?"

Rahila ta tsorata ta bar zancen. Aka gyara mota, suka isa ƙauyen da aka tura su, suka tsira wa yara fiye da ɗari biyu allurar da ba komai cikinta. Cikin iyayen akwai Dijatu mai 'ya'ya uku. Da farko ta shirya kai su wurin wanta, nesa da cutar, amma da aka yi musu allura sai ta kwance kayanta ta zauna.

Bayan wata huɗu, Abdulwahabu na fitowa daga asibiti a Sakkwato, wata mata cikin masu gudun fari ta sha gabansa. Dijatu ce, ta rame sai idanu.

"Likita, ba ka gane ni ba? Ɗiyana ukku da ka yi ma allura, ƙyanda ta kwashe su cikin mako guda. Amma kai ka yi naka. Ka baro garinku cikin ranan ga saboda ɗiyanmu. Wallahi kullum ina sa ka addu'a."

Ta kwance bakin zanenta, ta ɗauko goro guda, shi ke nan abin da ta mallaka, ta damƙa masa a hannu. Kuma ya karɓa, kaico! Har ya ce amin. Bai ƙarasa karatun ba. Yana nan unguwar Gidan Igwai, mutane na mamakin mutumin da ko azumin bazara ba ya buɗa baki da ruwan sanyi.

Darasin a fili yake. Wanda aka damƙa wa lafiyar mutane, kada ya fifita daɗin maƙogwaronsa a kan amanar. In kuwa kuskure ya auku, a faɗe shi tun ana iya gyarawa. Kunyar rana ɗaya Abdulwahabu ya guda, Dijatu ta binne 'ya'ya uku.