Gadar Rafin Kuka da Kujera Ɗaya

Kawu Ilu ya ce duk wanda ya haye gadar Rafin Kuka a bana shi zai gode wa, don da kunnensa ya ji gadar tana nishi tun kafin 'yan boko su farga. Ya gyara zama a rumfar mai tsire, ya ce ga yadda aka yi.

Wasu abokai uku ne a jami'a, Shafi'u da Nasiba da Kamilu, suna bincike a kan wani zaren gilashi, siriri kamar gashi, wanda ake manna wa gini a tura haske cikinsa. In ginin ya ɗan miƙe ko ya lanƙwashe, hasken ya sauya, na'ura ta tona. Kujerar aiki ɗaya tak ta rage a sashensu, kowannensu kuma da iyalin da suka zuba masa ido.

Shafi'u ne ya yi kwana tara yana reto da igiya a ƙarƙashin gadar, yana manna zaren taƙi-taƙi, ruwa na ruri a ƙasansa, rina na harbinsa. Kawu Ilu ya ce shi ya riƙe masa igiyar, wato dai da addu'a.

Ranar kasuwa da azahar na'ura ta yi ƙara. Manyan sashensu suka ce zafi ne, ai zaren yakan miƙe in ya sha rana. Ashe Nasiba ta ajiye wani zaren a gefe, a sake, ba ta manna shi ba, don ya ji zafi kaɗai. Ta gwada biyun, ta ce ba rana ba ce, ginshiƙi na uku ne ke buɗewa.

Takardar rufe hanya kuwa sai ta yi mako kafin a sa hannu. Kamilu ya hau babur, ya je ya durƙusa gaban sarkin tasha, ya ce, "Ranka ya daɗe, raƙumi ya gaji, a sauke masa kaya," wato gadar yake nufi. Aka tsayar da motocin hatsi. Da masu gyara suka zo, sai ga hannu na shiga tsagar ginshiƙin har wuyan hannu.

"Ni kuma," in ji Kawu Ilu, "ina tsakiyar titi ina tare motoci."

"Haba Kawu!" in ji mai tsire. "Ba kai ne a kan lodin albasa kana yi wa Kamilu Allah ya isa ba?"

Kawu Ilu ya yi tari, ya gyara hula. "Albasar ce ta shige mini ido, ban gane yaron ba. Ku bar wannan. To, ku da kuka fi ni gani, wa za a ba kujerar nan a cikinsu?"