Sai An Girbe Dawar Gandu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Iya.

To, a rufe baki. Dabbobin wani gari ne suka tura samarinsu yaƙi ƙasar kadoji, can hayin kogi, yaƙi ya ƙi ƙarewa. Tunkiya, wadda ɗanta tilo yake can, ko ciyawa ta daina ci. Ta miƙe a taron dattawa ta ce, "Ranku ya daɗe, a yanka mana ranar da yaranmu za su dawo."

Zaki ya ce, "Haba, baiwar Allah! In muka sa rana, ai kadoji kwanciya za su yi su jira ta."

Tunkiya ta ce, "Su jira mana. Ni ma jiran nake."

Kura kuwa ƙiba take da gawarwakin da kogi ke kawowa. Ta gyara zama ta ce, "Mu manoma ne, da amfanin gona muke sa wa'adi. Ranar da aka girbe dawar gandun gari, ranar su dawo." Kowa ya ce madalla, aka yi shela.

Da damina ta yi nisa, Tunkiya ta je duba gandu, ta tarar da ciyawa har wuya. Ta ruga wurin Jaki mai gadi. "Malam Jaki, ina masu shuka?"

Ya ce, "Inna, ai su ne a bakin daga."

Har yau in kun ga tunkiya tana tonon ƙasa da kofato, dawar nan take ƙoƙarin shukawa, ita kaɗai.

Ƙurunƙus kan ɓera, ta ƙare ke nan.