Ranar da Zomo Ya Tsinke Igiyarsa

Ga ta nan gare ku, yara.

Ta zo mu saurara.

A zamanin da, kowace dabba uwarta kan ɗaura mata igiya a ƙugu. Ranar da igiyar ta matse, girma ya tsaya. Tsoron Kura ya sa Zomo ya tsinke tasa, wai don ya fi ta girma.

Uwarsa ta ce, "Ɗana, da bakin raminka aka auna igiyar nan!"

Bai saurara ba. Da ya kai girman ɗan akuya, sai ga Kura. Ya ruga rami, kai ya shige, ƙugu ya ƙi.

Kura ta dafa bayansa a hankali, ta ce, "Sannu, ƙanena. A bara na ƙyale ka ne domin ba ka kai loma ba, bana kuwa ka kai."

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɓera.