Wasiƙar Sarkin Birnin Tama

An ruwaito a tsofaffin littattafai cewa akwai wasu ƙasashe biyu da suke shan kogi ɗaya. Ta gangare ita ce Birnin Tama, ƙasar maƙera, masu arziki har dawakinsu da linzamin azurfa. Ta tudu kuwa sunanta Kurmi, talakawa ne tilis, ba su da komai sai dajin da kogin ke fitowa daga cikinsa.

Wata shekara yunwa ta matsa wa Kurmi, Sarki Gwabare ya ba da umarni a sare daji a faɗaɗa gonaki. Kafin a gama wasa gatura sai ga wasiƙar Sarkin Tama, wai in aka taɓa itace ɗaya to yaƙi ne, domin in dajin ya tafi kogi zai ƙafe.

Sarki Gwabare ya dubi wazirinsa Barmo ya ce, "In mun sara a yanka mu, in mun bari yunwa ta gama da mu. Na ba ka kwana bakwai ka samo mafita, ko in warware rawaninka."

Barmo ya fita, ya kai kukansa ga wani tsohon falke, Madugu Jatau. Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, kakana ya ba ni labari cewa a da dajin Tama ya fi naku duhu. Shekara hamsin suna cusa shi a wutar narka ƙarfe, ko sandar kiwo ba su bari ba. Ka san da me suke hura wuta yau? Da gawayin dajinku! Fatakensu ke sara ta gefen gabas, da hatimin fadarsu. Jakunana ma sun yi musu dako."

Barmo ya ce, "Inna lillahi!" Ya riƙe baki. Kai, jama'a, rashin kunya har ina!

Washegari ya kama hanyar Tama, ya faɗi gaban sarkinsu ya yi gaisuwa, ya fallasa zancen gawayi. Sannan ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mun yarda mu ajiye gatari. Amma ku ma ku kashe wutar maƙerunku, tunda dajin nan take ci."

Sarkin Maƙera ya zabura ya miƙe, ya manta a fada yake, ya ce, "Mu kashe wuta? To mu ci me?"

Barmo ya ce, "Tambayar da na zo da ita ke nan, ran sarki ya daɗe."

Sarkin Tama ya sunkuyar da kai. Nan take ya hana satar gawayi, ya sa mutanensa dashen itatuwa, ya yanka wa Kurmi hatsi da garemani duk shekara. Barmo ya koma gida aka ƙara masa alkyabba.

Marubutan suka ce, wanda ya cinye dajinsa ya ƙoshi, in yana son mayunwaci ya tsare masa nasa, to ya fara buɗe masa rumbu.